Shekara biyu ina bi a hankali, me ya sa ban matsa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina kuma da 'yar sana'a a gefe, mutum uku ke yi mini aiki. Burina nan da shekara goma ta zama kamfani mai ma'aikata ɗari. Wasu abokaina suna cewa in sauke burin, ya fi ƙarfina. Wasu kuma suna cewa in ajiye aikin albashi, in ci bashi, in tsunduma gaba ɗaya. Ni na zaɓi in bi a hankali, amma ga shi shekara biyu ke nan ina nan inda nake. Da gaske ne ana cimma babban buri da kaɗan-kaɗan, ko dai maganar lallashi ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, da gaske ne, kuma kusan duk wani babban abu da ya ɗore haka aka gina shi. Sai dai a tambayarka akwai wata jimla da ta fi sauran nauyi, wato cewa shekara biyu kana nan inda kake. Wanda yake tafiya, komai nawarsa, idan ya waiwaya zai ga ya bar wani wuri a baya. In ka waiwaya ba ka ga haka ba, to aiki kake yi tuƙuru, amma tafiyar ba ta fara ba. Mutane da yawa suna riƙe rabin karin maganar nan, sannu ba ta hana zuwa, su manta da ƙarashenta, sai dai a daɗe ba a je ba. A shekarun da na yi ina duba littattafan masu ƙananan sana'o'i, na fi haɗuwa da masu irin matsalarka fiye da masu gaggawa. Mai gaggawa yakan faɗi da ƙara, kowa ya ji. Wanda ya tsaya cik kuwa yana iya shekara goma yana gaya wa kansa cewa haƙuri yake yi.

Mu fara da lissafi, domin shi ba ya jin kunyar kowa. Daga mutum 3 zuwa 100 a shekara goma yana nufin sana'ar ta ninka kanta duk bayan shekara biyu, sau biyar a jere: 3 ta koma 6, sannan 12, sannan 24, sannan 48, sannan 96. Wato ƙaruwar kusan kashi 42 cikin 100 a kowace shekara, ba tare da fashi ba. Dubi yadda hanyar take. A ƙarshen shekara ta huɗu, duk da kana daidai kan tsari, mutum 12 kawai gare ka, kuma abokanka na farko, masu cewa ka sauke buri, za su ce ai mun gaya maka. A ƙarshen shekara ta takwas ba ka kai rabin burin ba tukuna. Rabin duka yana zuwa ne a shekaru biyun ƙarshe. Duk abin da yake haɓaka ta hanyar ɗora sabo a kan tsoho haka siffarsa take, farkonsa a kwance, ƙarshensa a miƙe. Saboda haka wanda ya auna kansa da "saura nawa in kai ɗari" zai karaya tun a shekara ta uku alhali bai yi laifin komai ba. Ma'aunin da ya dace shi ne ko sana'ar ta bana ta ɗara ta bara da kashin da ake bukata.

Wannan lissafin yana ba ka labari biyu, mai daɗi da marar daɗi. Mai daɗin shi ne, abin da ke gabanka a yanzu bai wuce ka tashi daga 3 zuwa 6 ba. Marar daɗin kuwa, shekara biyun da suka wuce ya kamata a ce an yi wannan ninkin, ba a yi ba. Kuma in faɗa maka gaskiya, kashi 42 a shekara har tsawon shekara goma gudu ne mai tsanani, kamfanoni ƙalilan ne suke iya riƙe shi. Da kashi 26 za ka ninka sau goma a shekara goma. Da kashi 20 za ka ninka sau shida a shekara goma, sau 38 a shekara ashirin. Ka ga ke nan a kashi 20 burinka yana nan daram, wa'adin ne kawai ya ƙaru.

Akwai gyara ɗaya da zan so ka yi wa burin kansa. Yawan ma'aikata ba ma'auni ne mai kyau ba. Na fahimci niyyarka, samar wa mutum ɗari abin yi alheri ne babba. Amma ma'aikaci nauyi ne da ciniki yake ɗauka, idan cinikin bai kai ba, ɗaukarsa zalunci ne gare shi da kai, don ƙarshenta sallamarsa za ka yi. Duk lambar da mutum ya mayar abin bauta, zai sami hanyar cika ta ko da ta ɓata abin da aka kafa ta dominsa. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatansa adadin asusun da dole su buɗe, sai a shekarar 2016 ta bayyana cewa an buɗe asusu kusan miliyan biyu ba da sanin masu sunayen ba. An ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma sallami ma'aikata fiye da 5,000. Lambar ta cika, amanar ta tafi. Kai ka riƙa ƙirga kwastomomin da suke dawowa, da yawan hajar da ta fita, da ribar da ta rage bayan ka cire komai har da ladan wahalarka. Ka ƙirga haja da guda-guda, kada ka dogara ga jimlar kuɗi kaɗai, domin idan cinikinka ya ƙaru da kashi 15 a shekarar da farashin kaya ya tashi da kashi 20, raguwa ka yi, ko da aljihu ya fi nauyi.

Game da masu cewa ka sauke buri, ban yarda da su ba. Masana halayyar ɗan'adam biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun shafe shekaru masu yawa suna nazarin wannan batu, kuma abin da suka riƙa gani shi ne buri takamaimai mai wuya yana fitar da aiki fiye da "yi iya ƙoƙarinka", muddin mutum ya ɗauki burin da gaske, yana da ƙwarewar da ake bukata, kuma yana ganin sakamakon abin da yake yi. Amma buri na nesa shi kaɗai ba ya tayar da mutum daga barci. A shekarar 1981 Albert Bandura da Dale Schunk sun gwada wannan da yara 'yan firamare waɗanda lissafin ɗebewa yake ba su wahala. An ba su shafi 42 na darasi su yi a zama bakwai. Wasu aka ce musu su yi niyyar gama shafi shida a kowane zama, wasu aka ce su yi niyyar gama duka 42 ɗin zuwa zama na ƙarshe, wasu kuma ba a sa musu wani buri ba. Masu shafi shida-shida su ne suka fi saurin ci gaba, suka fi iya lissafin, suka fi yarda da kansu, har suka fara son abin da a da suke gudu. Masu burin nesa kuwa ba su bambanta sosai da waɗanda ba a sa wa buri ba. Aiki ɗaya ne, adadi ɗaya, yadda aka yanka shi ne kawai ya bambanta.

To yaya ake yanka shi? Nan ne mafi yawan mutane suke kuskure, don suna ɗauka cewa duk ƙaramin aiki mataki ne. Misalin da na fi so a nan shi ne tafiyar Amurka zuwa duniyar wata, don an rubuta kowane matakinta. Ranar 25 ga Mayu, 1961, Shugaba John Kennedy ya tsaya gaban majalisa ya ce ƙasarsa za ta sauke mutum a kan wata ta dawo da shi lafiya kafin shekarun 1960 su ƙare. A ranar, duk abin da Amurka ta taɓa yi na aika mutum sararin samaniya shi ne tafiyar Alan Shepard ta minti 15, kwana ashirin kafin jawabin, wadda ko kewaya duniya ba ta yi ba. Da abokanka na farko suna wurin, da sun ce masa ya sauke buri.

Abin da injiniyoyin suka yi shi ne suka zauna suka jera abubuwan da ba su sani ba. Shin mutum zai iya rayuwa a can tsawon kwanakin da zuwa da dawowa za su ci? Zai iya fita daga kumbo ya yi aiki a waje? Kumbo biyu za su iya neman juna su haɗe a sama? Sai suka ƙirƙiro shiri guda, Gemini, wanda ko kusa da wata bai je ba, aikinsa kawai amsa waɗannan tambayoyin a kusa da gida. Tafiya goma da mutane aka yi tsakanin 1965 da 1966. A Gemini 4 aka fita waje, a Gemini 7 aka yi kusan kwana 14 a sama, a Gemini 8 aka haɗe kumbo biyu. Sannan aka shiga shirin Apollo, na zuwa duniyar watan kanta: Apollo 7 ya gwada babban kumbon a kewayen duniya a Oktoban 1968, Apollo 8 ya kewaya wata a Disamba bai sauka ba, Apollo 9 ya gwada ƙaramin kumbon sauka a kusa da duniya, Apollo 10 ya gangara har saura kimanin kilomita 15 ya taɓa wata, ya juyo. Lokacin da Apollo 11 ya sauka ranar 20 ga Yuli, 1969, abin da ya rage ba a taɓa gwadawa ba shi ne saukar kanta da tashi daga can. Kuma kada a ɗauka hanyar ta tafi sumul: a Janairun 1967 gobara ta kashe 'yan sama jannati uku a cikin kumbo lokacin gwaji a ƙasa, aka dakata aka sake fasalin kumbon kafin a ci gaba.

Shekara takwas ba tafiyar hawainiya ba ce. Abin da ya sa nake kiranta tafiya mataki-mataki shi ne kowace tafiya ta kashe tambaya ɗaya, ta bar amsar a hannu don a ɗora ta gaba a kanta. Yanzu ka tambayi kanka: a shekara biyun nan, wace tambaya na kashe? Me na sani yau game da sana'ata wanda ban sani ba a lokacin?

Kamfani mai mutum ɗari yana da tambayoyinsa, kuma za ka iya rubuta su a daren nan. Akwai masu saye da suka kai su ciyar da kamfani mai girman haka, ko kasuwar kanta ƙarama ce? Baƙon da bai san ka ba zai saya, ko har yanzu 'yan'uwa da abokan arziki ne suke riƙe da cinikin? Aikin zai fita da kyau iri ɗaya idan ba ka wurin? Nawa kake kashewa kafin ka samo sabon kwastoma ɗaya, nawa yake kawo maka a shekara? Idan oda ta ninka gobe, me zai fara karyewa, kayan aiki ne, ko mai kawo maka kaya, ko kuɗin juyawa? Ka duba wadda ta fi ba ka tsoro, da ita za ka fara. Mutum yakan so ya fara da mai daɗi, ya gyara tambarin kamfani, ya sake fenti, ya buga katin talla, ya buɗe shafi a Facebook, domin waɗannan ba sa iya ba shi amsar da ba ya so. Tambayar da za ta iya rusa shirin ita ce ta cancanci a fara biya, tun amsarta tana da araha.

Yanzu ga masu cewa ka ci bashi ka tsunduma. A ƙarshen 1903 ɓangarori biyu suna neman tashi da jirgi mai inji a Amurka. Samuel Langley babban masani ne, shugaban cibiyar Smithsonian, kuma Ma'aikatar Yaƙi ta ba shi dala 50,000. Ya taɓa tashin ƙananan samfura marasa matuƙi cikin nasara, daga nan ya gina babba mai ɗaukar mutum, ya tsara a harba shi daga saman wani jirgin ruwa a Kogin Potomac. An harba ranar 7 ga Oktoba, ya faɗa ruwa. An gyara an sake harbawa ranar 8 ga Disamba, ya sake faɗawa, shirin ya mutu daga nan. Wilbur da Orville Wright kuwa masu shagon kekuna ne a garin Dayton, da ribar shagon suke aikin. Sun fara da jirage marasa inji a 1900, 1901 da 1902, a kan tuddan rairayi na yankin Kitty Hawk, suna shawagi ƙasa-ƙasa. Da na 1901 ya ba su kunya, suka koma gida suka ƙera akwatin hura iska suka gwada siffofin fiffike kusan 200. A 1902 suka yi ɗaruruwan shawagi har suka iya sarrafa jirgin, sai bayan nan suka ɗora inji. Ranar 17 ga Disamba, 1903, kwana tara bayan faɗuwar Langley ta biyu, suka tashi na daƙiƙa 12, nisan kimanin mita 37.

Langley bai fi su ƙarancin ilimi ba, kuɗi kuwa ya fi su nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne yadda kowa ya tsara faɗuwarsa. Shi ya shirya gwajin da in ya faɗi jirgin ya wargaje, don haka sau biyu kawai ya samu damar koyo. Su sun shirya gwajin da in sun faɗi za su kakkaɓe yashi su gyara su sake, don haka suka koya sau ɗaruruwa. Girman matakin da ya dace da kai shi ne wanda in ya ƙi, gobe za ka iya buɗe shago. Bashi mai nauyi yana ƙwace maka wannan damar, domin yana da ranar biya, kuma ranar ba ta jiran ka gama koyo.

A kasuwanci an ga irin wannan a fili. Kamfanin Webvan ya fara kai wa mutane kayan masarufi gida ta intanet a yankin San Francisco a 1999. Kafin ya tabbatar yana cin riba a birni ɗaya, ya sa hannu a kwangilar dala biliyan ɗaya don gina manyan rumbunan ajiya a birane 26. A Yulin 2001 ya karye. Tunanin ba shi da aibi, ga shi yau ana yin wannan sana'ar a ƙasashe da yawa. Ya ninka abin da bai riga ya tabbata ba ne. Amazon, wanda burin mai shi bai gaza nasu girma ba, ya buɗe a Yulin 1995 da littattafai kaɗai, a farko ma sai an yi oda yake sarowa daga manyan dillalai. Sai a 1998 ya ƙara faifan waƙoƙi, kuma bai ga ribar cikakkiyar shekara ba sai 2003. Ya yi gudu ƙwarai, amma a jere.

Ka riƙe wannan lissafin ma: wanda ya yi asarar rabin jarinsa, sai ya ci ribar kashi 100 cikin 100 kafin ya dawo inda yake. Shekara huɗu na ƙaruwar kashi 20 suna ninka jari sau biyu da ɗoriya kaɗan, shekara ɗaya ta asarar rabi tana mayar da kai kusan ranar farko. Shi ya sa a tafiya mai nisa kauce wa mummunar faɗuwa ya fi neman babbar shekara muhimmanci.

Faɗuwar da mutum zai iya ɗauka kuwa makaranta ce. Toyota ta shiga kasuwar Amurka a 1958 da mota mai suna Toyopet Crown, ta sayar da 287 kacal a shekarar. Motar ba ta da ƙarfin manyan titunan can, bayan 'yan shekaru aka janye ta. Kamfanin bai mutu ba, don bai jingina rayuwarsa a kanta ba. Ya dawo da Corona a 1965, an gyara abin da aka koya. A masana'antunsa kuma an ba ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya nemi a tsaya idan ya ga aibi, a gyara tun daga tushe, kuma gyaran ya zama sabuwar ƙa'idar aiki. A 2008 Toyota ta wuce kamfanin General Motors na Amurka a yawan motocin da aka sayar a duniya, shekara hamsin cif bayan waccan kunyar.

Bari in ɗan tsaya a nan, don kada waɗannan labaran su ruɗe ka. Muna jin labarin waɗanda suka kai ne kawai. Akwai dubbai da suka bi a hankali, suka yi komai bisa tsari, ba su zama Toyota ba. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba ya wuce shekarar farko, kusan rabi ba sa wuce shekara biyar, kuma kimanin ɗaya cikin uku ne ke kai shekara goma. Bin mataki-mataki ba ya ba ka tabbacin isa, arziki na Allah ne. Abin da yake ba ka shi ne ka daɗe a fagen, kana ƙara sani, kuma in abin bai yiwu ba ka fita da mutuncinka da gidanka.

To me ya tsayar da kai? Ban ga littafinka ba, amma a irin sana'arka dalilan ba su cika wuce kaɗan ba. Mafi yawa, riba tana fita da zarar ta shigo, saboda aljihun gida da na sana'a ɗaya ne, ga kuma albashi yana rufe ɓarakar har mutum bai san sana'ar ba ta ciyar da kanta ba. Ka raba asusun, ka yanka wa kanka lada, ka ƙayyade kason ribar da zai koma cikin jari kafin ka taɓa sauran. Na biyu, komai yana kan mai sana'ar: shi ke sayo kaya, shi ke sa farashi, shi ke lallashin kwastoma, ma'aikatan hannuwa ne kawai. Sana'ar da take haka ba za ta wuce awoyin da mai ita yake da su ba, kai kuwa awoyinka na yamma ne da ƙarshen mako. Maganinsa ba shi da armashi: ka rubuta yadda ake yin kowane aiki, ka koya wa mutum ɗaya, ka bar shi ya yi, ka jure ganin ya yi shi ƙasa da yadda za ka yi na ɗan lokaci. Na uku, guga mai huda, ana samun sababbin kwastomomi ana rasa tsofaffi daidai wa daida, jimla ba ta motsi. Ka ɗauko sunayen waɗanda suka saya shekara biyu da suka wuce, ka ga nawa ne suke saye har yanzu, ka kira waɗanda suka daina ka tambaye su dalili, kada ka kare kanka, ka saurara kawai.

A kan aikin kullum ba zan tsawaita ba, don an riga an ba mu ƙa'idar. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ka ware lokaci ƙayyadadde, ko awa ɗaya ce, na gina sana'ar, dabam da lokacin gudanar da ita, ka sa masa rana da wuri, domin "in na samu sarari" ba ya zuwa. Kada ka yi tsammanin zai zame maka jiki a mako uku. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna matsakaicin lokacin da sabon hali yake ɗauka kafin ya zauna kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Maganar nan da ake yawan yaɗawa, wai in ka ƙaru da kashi ɗaya cikin ɗari kullum za ka ninka sau 37 a shekara, lissafinta daidai ne a takarda, amma babu ɗan'adam ko sana'ar da ke ƙaruwa haka. Ci gaba na gaske yana zuwa ne da tsalle da tsayawa, wata uku shiru, sannan abu ya buɗe. Saboda haka aikin za ka riƙa dubawa kullum, sakamakon kuma duk wata uku.

Wa'adin ma ka riƙe shi da sassauci. Mutum yakan raina lokacin da aiki zai ci, har ƙwararru. An fara gina shahararren zauren wasanni na Sydney a Ostareliya a 1959 da tsammanin gamawa a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7. Sai a 1973 aka buɗe shi, ya ci miliyan 102. Idan shekara gomarka ta zama sha biyar, ba ka faɗi ba.

Saura batun ajiye aiki, kuma a nan abokanka na biyu suna da ɗan gaskiya. Akwai matakan da ba sa yankuwa. Ba a sayen rabin inji, ba a rabin murabus. Wata rana dole ka yi tsalle. Abin da ake yi shi ne a rage faɗin ramin kafin ranar: ka yi hayar inji kafin ka saya, ka ba wani ya yi maka aikin a masana'antarsa har odar ta tabbata, ka karɓi kafin alƙalami daga masu saye kafin ka ƙara kaya, ka ɗauki hutunka na shekara ka zauna a sana'ar cikakken lokaci ka ga ko zamanka yana ƙara ciniki da gaske. A ra'ayina, lokacin murabus ya yi idan abu uku suka haɗu: ribar sana'ar ta ɗauki dole-dolen gidanka wata shida zuwa shekara a jere, kana da ajiyar wata shida dabam da jari, kuma kana mayar da oda saboda rashin lokaci, ba rashin masu saye ba. In na ukun bai samu ba, barin aiki zai ƙara maka awoyi ne kawai na zaman jiran kwastoma, ga babu albashi. A yanzu albashinka shi ne mai zuba maka jari mafi sauƙin hali da za ka taɓa samu, ba ya neman kaso, ba ya sa maka ranar biya.

Ka kuma zauna da iyalinka a kan wannan shirin, da lambobinsa. Buri na shekara goma da lokacinsu ake biyansa, da haƙurinsu, wani lokaci da abin da za a kashe musu. Yaron da yake shekara biyar yau zai kai sha biyar ranar da kake sa ran isa, kuma waɗannan shekarun ba a ajiye su a dawo musu daga baya. Haka lafiyarka. Tsarin da sai ka riƙa barcin awa huɗu zai tafi, tsarin wata shida ne, ba na shekara goma ba. Wannan ƙa'idar ita ce dai a karatu, ko hadda, ko tara kuɗin gina gida: adadin da za ka iya riƙewa a mako mafi wuya shi ne adadinka na gaskiya.

Abu na ƙarshe, ka bambanta burin da abin hawan. In abin da kake so shi ne kamfanin da zai ɗauki mutane aiki, wannan sana'ar ta yanzu hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyi. Samsung ya fara a 1938 da fataucin kayan abinci, Nintendo ya fara a 1889 da buga katin wasa. Mai yiwuwa binciken da za ka yi ya nuna maka kasuwar da kake ciki ba za ta taɓa ɗaukar fiye da mutum goma ba, amma wani reshe nata zai iya. Don kada son abin da ka riga ka zuba ya rufe maka ido, ka rubuta sharaɗin tun yanzu, da kwanan wata: idan zuwa ƙarshen wata goma sha biyu, bayan na raba asusu, na miƙa aiki ɗaya ga wani, na gwada hanya biyu ta samo baƙin kwastomomi, yawan hajar da ke fita bai ƙaru da kashi kaza ba, zan sauya haja ko kasuwa. Ka ba wani wanda ba ya jin nauyinka kwafin takardar, ku sa ranar da za ku zauna ku duba ta. Allah Ya sa albarka a nema.